Baba A-Can da Hasumiyar 'Yandoto

Garin Gusau ya yi sa'a da Allah ya ba shi Malam Markus Bawa, kuma ba don ƙarancin godiya irin ta mutanen yanzu ba, da tuni an sa wa wani titi sunansa. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya. Ya fara da manna kan sarki, ya gama yana babban akawu, kuma har ya bar aiki bai taɓa yafe wa wanda ya rubuta adireshi a karkace ba. Yana sa kwat har a watan Afrilu. Takalminsa sau-ciki ne baƙi, idan ka sunkuya kana iya gyara hularka a cikinsa. In ya ce zai zo ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗu za ka ji sallamarsa, huɗu da minti ɗaya kuma ka fara jin laifuffukanka.

Na san shi tun muna aji uku a makarantar mishan, zamanin da ake duba mana farce kowace Litinin, ake koya mana rubutu da alƙalamin tsomawa a tawada. Mu da muka fito daga wannan makaranta mun tashi da imani iri biyu. Na farko shi ne wanda aka koya mana a coci. Na biyu kuwa shi ne, duk faɗin garin nan mu kaɗai muka san yadda ake yin abu daidai. Na biyun ya fi kama mu. Yanzu saura mu goma sha ɗaya a raye. Muna taruwa Asabar ɗin farko ta kowane wata a zauren cocinmu, mu karanta rahoton taron da ya wuce, mu gyara kurakuran da ke cikinsa, mu yi addu'a, mu watse.

Bara waccan 'yarsa Gloria, wadda ke koyar da Turanci a ƙasar Tailan, ta aiko masa da tikitin jirgi. Ya yi kwana tara. Takwas daga ciki ya yi su ne a Bankok, a ɗakin Gloria da ke hawa na goma sha huɗu, yana jinyar cikin da barkonon ƙasar ya hargitsa. Rana ɗaya ta ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa Ayutaya, tsohon babban birnin ƙasar tun ana kiranta Siyam. Na bincika, don ni mutum ne mai son a faɗi abu yadda yake. Sun sauka ƙarfe tara da minti arba'in, sun juyo huɗu da kwata. Idan aka cire cin abinci da gyangyaɗin da ya yi a gindin wata bishiya, wanda Gloria ta tabbatar wa matata Esta ta waya, abin da ya rage awa huɗu ne da 'yan mintoci. A cikin awa huɗun nan Malam Markus ya fahimci nahiyar Asiya gaba ɗayanta, ya kuma gano abin da ke damun Zamfara.

Tun ranar da ya dawo bakinsa bai sake furta magana babu "a can" a cikinta ba. Ka ba shi ruwa, ya ce a can cikin kwakwa ake ba baƙo. Ya hau keke mai ƙafa uku, ya ce a can nasu fuskar kwaɗo gare shi, kuma direban ba ya musu da fasinja. Matan zumunta na coci suka sa masa Baba A-Can. Mu da yake mun yi boko muka ce Jakadan Siyam, shi kuma ya karɓi muƙamin da gaske, har ya daina ba mutane hannu. Sai ya haɗa tafukansa a ƙirji ya sunkuyar da kai kaɗan, kamar mai roƙon a bar shi da ransa. Ya dawo da sanda mai kan giwa, da wata malafa da ya ce ta manoman shinkafar Siyam ce. Malafar, in ban da 'yar takardar da ke manne a cikinta, ba ta da bambanci da waɗanda ake sayarwa a kasuwar Tsafe. Ban faɗa masa ba.

Ina da dalilin yin shiru. Ni malamin labarin ƙasa ne. Shekara talatin da huɗu na yi ina zana taswirar Asiya a allo da ka, ina koya wa yara inda damina ke sauka da inda shinkafa ke fita. Amma iyakar tafiyata a duniya Ilori, ita ma biki ya kai ni. Da Markus ya dawo sai na ji kamar wani ya je ya gano matar da na yi shekaru ina rubuta wa wasiƙa. Haushi ya kama ni, sha'awa kuma ta fi haushin ƙarfi. Don haka na zama magatakardansa ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

Asabar ɗin farko ta watan Yuli ya ba da lacca. Aka gayyaci mata da matasa, aka rataya farin zanen gado a bango, aka aro na'urar haska hoto. Ni na zauna a gefensa riƙe da takardar shekaru.

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Jama'a, ku da ba ku taɓa fita ba, ku buɗe kunnuwanku. Ayutaya tsibiri ce, koguna uku sun yi mata ɗamara. Shekara ɗari huɗu da goma sha bakwai tana mulki. Sarakunan da suka hau gadonta... nawa ne ma, Kaleb?"

"Talatin da uku."

"Talatin da uku, kamar yadda nake shirin faɗa. Sai mutanen ƙasar Bama, maƙwabtansu, suka zo suka ƙone ta ƙurmus, a shekarar..."

"Dubu ɗaya da ɗari bakwai da sittin da bakwai."

"Ina sane. To amma ku dubi mutanen kirki! Gari ya rushe, ba su nome shi sun shuka gyaɗa ba. Suka share shi, suka kewaye shi, suka kafa allo, suka sa mai yankan tikiti a ƙofa. Yau Turawa layi suke yi cikin rana don su ga kango. Kango, jama'a! Mu nan wane irin kango ne ba mu da shi?"

Aka fara haska hotuna, guda sittin da biyu. A na farko akwai hasumiyoyi uku a jere, masu kama da ƙararrawa a kife, inda aka ajiye tokar sarakuna uku. Mun ga ta dama, mun ga ta hagu, ta tsakiya kuwa Malam Markus ya tsaya a gabanta. Na biyu wani ƙaton gunkin Buddha ne a kishingiɗe a fili, wanda ya ce tsawonsa ya kai daga zauren nan zuwa tashar jirgin ƙasa. Takardata ta ce wajen mita arba'in, amma na haɗiye. Abin da muka gani dai tafin ƙafar gunkin ne da kafaɗar mai lacca. Akwai haikalin bakin kogi mai doguwar hasumiya kamar masarar da aka ɓare. Akwai layin gumaka marasa kai, zaune da ƙafafu a harɗe. Akwai giwa sanye da jan ƙyalle, shi kuma yana nesa da ita da taku goma, yana murmushin wanda ya riga ya zaɓi hanyar gudu. Na ƙirga: cikin hotuna sittin da biyu, Ayutaya ta samu fitowa ita kaɗai a guda uku, su ma Gloria ce ta ɗauka lokacin da yake gyangyaɗi.

Wata daga cikin matan ta ɗaga hannu, ta ce ta taɓa gani a waya akwai kan mutum a cikin bishiya a wannan gari, ina hotonsa?

"Na gan shi da idona," in ji Markus. "Kan gunki ne na dutse, saiwoyi sun rungume shi, fuskar kaɗai ke leƙowa. Amma a can duk mai son hoto da shi sai ya tsuguna, don kada kansa ya fi na gunkin tsawo. Na ce wa mai gadin, ni dattijon ikilisiya ne. Ban tsuguna wa manyanmu na Legas ba lokacin ina aiki, ba zan tsuguna wa dutse ba."

Aka yi tafi, har da masu cewa amin. Daga baya Gloria ta gaya wa Esta cewa gwiwa ce ta hana. Ya gwada sau biyu.

Laccar ta ci awa uku da minti goma, wato saura kaɗan ta kai tsawon ziyarar kanta.

A watan Satumba muka ji cewa wata ƙungiya ta 'yan boko masu kishin jiha ta kafa kwamitin raya wuraren tarihi, kuma suna neman dattijo guda ɗaya da zai zama mashawarcinsu, mai kujera a gaba da suna a kan takarda. Tun da Markus ya bar gidan waya, shekara goma sha shida ke nan, ba wanda ya kawo masa takarda ya ce ya sa hannu. Kujerar nan ta shiga ransa, ya fi son ta da lafiyar gwiwarsa. Ni na rubuta masa takardar nema, shafi huɗu. A ƙarshenta na saƙala cewa mashawarci zai buƙaci mataimaki wanda ya san taswira. Ban ambaci sunan kowa ba. Na dai ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar taswira.

Shugabar kwamitin ita ce Hajiya Hafsat Lawali, wadda na taɓa koyarwa a aji biyu na sakandare, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ta karanta shafi huɗun a gabanmu, ta ajiye.

"Baba, takarda ta yi kyau," ta ce. "Amma ni na fi gane abu a fili. Ku zo ranar Talata mu bi hanyar Tsafe, ku nuna mini abin da baƙo zai yi layi ya gani. In na gani, kujera taku ce."

Muka fita da hantsi da niyyar dawowa kafin la'asar, kamar yadda duk mai hankali yake yi a hanyoyinmu a shekarun nan. Ƙarshen Oktoba ne, dawa ta yi kai. Markus ya zauna gaba kusa da direba, da kwat, da malafa, da sanda. Ni ina baya da littafi, da igiyar awo, da fensir biyu don kada ɗaya ya karye.

Muka fara tsayawa a Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu. Ni ina son dutsen nan. Tun ina yaro, in muna dawowa daga hutu a bayan lori, da mun hango shi mun san an kusa gida. Ranar ma yana nan yadda na san shi, ya tokare sama, gari ya lafe a gindinsa, tsuntsaye suna shawagi can ƙololuwa. Hajiya ta fito ta tsaya tana kallo. Markus ya ba dutsen minti ɗaya.

"Dutse ne, ba laifi," ya ce. "Amma ba a gama shi ba. A can ko ginin da bai kai rabin rabin wannan ba matakala gare shi har sama. Ina allo? Ina mai tikiti? Ina mai sayar da alewar nan tasu mai kama da zaren auduga, wadda ake naɗewa cikin ɓawon fulawa? Ina giwa? Rubuta, Kaleb. Matakala ɗari shida. Giwa biyu."

Na rubuta.

"Baba, giwar me za ta ci?" in ji Hajiya.

"Abin da take ci a can."

Na rubuta wannan ma.

Daga nan sai 'Yandoto. Kowa ya san sunan: tsohon garin malamai, inda ɗalibai ke zuwa daga nesa neman ilimi, kafin yaƙi ya tarwatsa shi shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce. A takardarmu mun kira shi Ayutayar Zamfara har sau biyar. Abin da ba mu rubuta ba shi ne, a iya tunawarmu, daga ni har Markus ba wanda ya taɓa sauka daga mota a wurin. Wucewa muke yi, mu nuna da yatsa, mu yi wa na kusa bayani.

Muka bar kwalta, muka bi wani burtali zuwa wajen da aka ce nan tsohon gari yake. Muka fito. Dawa a dama, dawa a hagu, sai manyan kukoki nan da can. Babu jan bulo, babu hasumiya, babu gunki, mai kai ko marar kai. Mu masu ilimi mun manta cewa garin da aka gina da ƙasa in ya mutu ƙasa yake komawa. Markus ya juya gabas, ya juya yamma. Gumi ya fara bin wuyan kwat ɗinsa.

"To, Baba," in ji Hajiya cikin ladabi, "a ina za a yi layin?"

Na ga kujera tana zamewa daga ƙarƙashinsa, tawa 'yar ƙaramar tana biye da ita. Muka ƙara tafiya gaba, shi yana cewa a can ma sai an yi haƙuri, ni ina duba taswirar da ba ta da abin da za ta gaya mini.

Sai ya tsaya cak, ya ɗaga sanda. A gefen wata gona, cikin saiwoyin wata cediya, ga wani gini na jan bulo, mai faɗi a gindi, yana tsukewa zuwa sama, saiwoyi sun naɗe shi ta kowane gefe. Gaskiya ni kaina gabana ya faɗi. Irin wanda muka gani a zanen gado ranar lacca ne sak, sai dai ƙarami. Markus ya manta yana da gwiwa. Kafin mu iso ya riga ya cire malafa ya tsaya a gaban ginin, ya toshe rabinsa kamar yadda ya saba.

"Hajiya, ki duba da kyau, don jikokinki za su tambaye ki ina kike ranar da aka gano wannan. Jan bulo! Ƙonanne! Dubi yadda gindin ya buɗe, saman ya tsuke. Dubi bishiyar yadda ta riƙe shi. Ni da na gani da idona a can ba sai an gaya mini ba. Wannan kabarin babban mutum ne, ko sarki ko shugaban malamai. Wa ya sani ko fatake ne suka kawo fasalin daga gabas? Shekara ɗari biyar, in an rage. Nan za a yi layin, Hajiya, daga nan har bakin kwalta. Auna, Kaleb."

Na auna. Tsawo ƙafa goma sha ɗaya da inci huɗu, gindi ƙafa biyar kowane gefe. A can sama akwai wani ƙarfe da ya gitta, ya yi tsatsa, Markus ya ce alamar sarauta ce. Na lura an jera bulon da tsari, kusurwa ta fita daidai, babu inda ya karkace. Na ɗaga murya na ce magabata sun san aiki, ba irin maginan yanzu ba. Na ƙara da cewa a ganina shekarun sun kai ɗari shida. Ina so a san wannan: ɗari ɗayan nan ni na ƙara shi, ba wanda ya sa ni.

Muna cikin haka mai gonar ya fito daga cikin dawa, wani tsoho sa'anmu da lauje a hannu. Ya yi sallama, aka gaisa, ya ce sunansa Arzika. Ya tsaya yana sauraron Markus har ya kai ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Malam Arzika," in ji Markus, "kai da kake noma a nan, me kakanninka suka gaya maka game da wannan kabari?"

"Kabari? Wane?"

"Wannan da ke gabanka."

"Af, wanga? Ai ba kowa ciki, ranka shi daɗe. Gabana anka gina shi."

Iska ta kaɗa ganyen dawa, muka ji ta sarai.

"Ina ɗan shekara goma sha biyu," in ji Arzika. "Wani Bature na mishan ya zo, sunka ce za su buɗe ɗakin shan magani nan. Sunka kwaso ɗiyan makaranta daga Gusau cikin lori, masu gajeren wando, sunka yi sati biyu. Wanga don a rataya guntun ƙarfen jirgi ne, a buga, mutane su zo amsar magani. Ɗakin da ƙasa anka yi shi, ya daɗe da zubewa. Mu munka riƙa ɗebo musu ruwa."

Sai na fara tunawa. Lori. Ranin shekarar sittin da uku. Warin bulo a cikin wuta, kokon safe a kwanon sha, waƙar da muke yi a bayan mota har murya ta dushe. Lokacin babu cediya, babu gona, fili ne fetal. Na dubi Markus. Shi kuma ya sami wani abu mai muhimmanci a sama yana kallo.

Arzika bai lura ba, labari ya yi masa daɗi. "Yaran sun yi aiki, Allah shi ba su lada. Amma akwai biyu da har yau in mun tuna sai mun yi dariya. Guda bai taɓa bulo ba ko sau ɗaya. Tsaye shike da kara ga hannu, shina nuni, shina cewa ba haka aka yi Gusau ba. Munka sa mai Sarkin Nuni. Ranar ƙarshe shina ja da baya shina nuni, sai ga shi cikin ramin kwaɓa har wuya. Gudan kuwa wani ɗan siriri da littahi, komi anka aza sai ya rubuta. Ko ruwa munka kawo sai ya ƙirga tulu."

Ya dubi sanda mai kan giwa, wadda har lokacin tana nuna saman ginin. Ya dubi littafina, da fensirin da ke bayan kunnena. Ya daɗe yana dubanmu.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Sarkin Nuni? Kai ne? Da Mai Littahi? Ashe kuna da rai!"

Ya yar da lauje, ya kama hannun Markus da hannu biyu yana girgizawa, bai bar masa damar gaisuwar Siyam ba. Ya kama nawa. Idonsa har da ƙwalla. Ya ƙwala wa iyalinsa kira a kawo fura, yana cewa yau ga manyan baƙi, waɗanda suka yi musu gini. Babu ko ɗigon ba'a a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Hajiya ta juya mana baya tana gyaran mayafi. Ban taɓa ganin mayafin da ya ɗauki lokaci haka wajen gyara ba, kafaɗunta sai rawa suke yi.

Markus ya mayar da malafarsa, ya yi gyaran murya. "Na gane shi tun daga nesa. Gwada ku nake yi. A can ma haka ƙwararren jagora yake yi, don ya ga wanda ke sauraro."

"Ba shakka, Baba," in ji Hajiya. Sannan ta juya ga mai gonar. "Malam Arzika, to shi tsohon garin fa, ina yake?"

"Ga shi kuna tsaye kansa, Hajiya."

Ya nuna mata da hannu. A tsakiyar gonar akwai wani layi da dawa ta yi gajarta, ya tafi yana lanƙwasa har ya shige gonar maƙwabci. Ya ce nan ganuwa ta bi, ƙasar ta yi tauri, saiwa ba ta shiga. Kusa da shi kuma dawa ta yi tsawo ta yi baƙi, ya ce nan ramin bayan ganuwa yake, har yau yana riƙe ruwa. Inda kukoki suka taru, unguwa ce. In an yi ruwan farko tsingaro ke fitowa, wani lokaci har da duwatsun ado. Ya san inda tsofaffin rijiyoyi suka toshe, don garmarsa ta gaya masa. Hajiya ta tattare zanenta ta bi shi cikin dawa, suka yi awa ɗaya da minti goma.

Mu muka zauna a gindin cediya, Markus saboda takalminsa, ni kuma saboda Markus. Muka sha fura. Ba mu yi magana ba sai sau ɗaya.

"Bulo nawa ne ma?" ya ce, bai dube ni ba.

"Dubu biyu da ɗari huɗu da sittin." Ban san daga ina lissafin ya fito ba.

"Kusurwa dai ta fita."

"Ta fita."

Bayan sati biyar amsa ta zo. Ta wayar hannu aka turo ta, wanda shi kansa cin mutunci ne ga tsohon babban akawun gidan waya. Muka kai shago aka buga mana a takarda, Markus ya karanta a taron Asabar, a tsaye. Kwamiti ya gode wa dattawa biyu bisa ƙoƙarinsu. Kwamiti ya naɗa Malam Arzika na 'Yandoto mashawarcinsa. Ba a yi zancen mataimaki ba. Markus ya sauke takardar, ya ce, "A can..." sai ya tsaya. Muka jira. Bai ƙarasa ba, ya juya shafi na biyu.

Shafi na biyu jerin abubuwan tarihi ne da kwamiti zai fara ɗauka a hoto da murya don adanawa, guda biyar. Na ɗaya, Malam Kaleb Audu. Na biyu, hasumiyar ɗakin shan magani. Na uku, Malam Markus Bawa. Na huɗu, layin ganuwa. Na biyar, kukoki.

Sanya shi cikin kayan tarihi bai dame shi ba ko kaɗan. Ya ce a can sarakuna ake yi wa haka. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne lamba.

"Ni na uku? Ni da na hau jirgi? Wanda bai wuce Ilori ba shi ne na ɗaya?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita kafin addu'ar rufewa, abin da bai taɓa yi ba. Washegari a coci ya zauna a wani benci.

Ba zan ɓoye ba, na yi kwana uku ina jin daɗi. Shekara sittin da 'yan kai ina bayansa da littafi, yau ga sunana a sama, a buge da inji. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba. Na nuna wa mai shayi, na nuna wa mai gyaran rediyo. A rana ta uku na shimfiɗa ta a gaban Esta, na ce ta duba ta ga wanda ta aura.

Ta sa tabarau, ta karanta daga sama har ƙasa ba gaggawa. Sannan ta ɗora yatsa a kan wani ƙaramin layi da ke ƙarƙashin jerin, wanda ni, da na yi rayuwata ina gaya wa yara su karanta takarda duka kafin su amsa, ban kai gare shi ba. An rubuta cewa an jera abubuwan ne bisa gaggawa, wanda ya fi kusa da rushewa shi ne a sama.

Ta miƙo mini takardar, ta ce in je in nuna wa Markus, zai ji daɗi.

Na je. Ya ji daɗin.